Asabar a Duxford: Ranar Da Farfela Ta Ƙi Wucewa

Ƙarfe sha ɗaya na dare ya wuce. Na wanke hannuna da sabulu har sau uku, warin baƙin mai yana nan daram a tafina. Bari in rubuta kafin barci ya ɗauke ni.

Bayan sallar asuba na fita, ana wani sanyi mai ratsa ƙashi, na isa filin jirgin Duxford da ke kudu da Kambirij a Ingila kafin ƙarfe tara. Wata na huɗu ke nan ina zuwa duk Asabar ina taya masu gyaran tsofaffin jiragen yaƙi aiki, kuma duk tsawon lokacin nan aikina bai wuce goge mai, miƙa sifana da jan tire a ƙarƙashin inji ba. Yau dattijon da ke kula da mu ya kalle ni ya ce, "Zo ka kama farfela." Gabana ya faɗi, don na san me ake nufi.

Jirgin Corsair ne, mai lanƙwasasshen fiffike, irin wanda sojojin ruwan Amurka suka yi yaƙi da shi a tekun Fasifik. Injinsa Pratt & Whitney R-2800, silinda 18 a jeri biyu, tara gaba tara baya, sun kewaye tsakiya kamar faifai. Cikinsa lita 46, ƙarfinsa na doki 2,000. Farfelarsa ta haura ƙafa 13, kuma girmanta na cikin abin da ya sa aka lanƙwasa fiffiken jirgin, domin hanci ya ɗaga sama ba tare da an yi masa dogayen ƙafafu ba. Irin wannan injin ne a jikin jirgin yaƙi P-47, wanda Amurkawa suka riƙa tashi da shi daga wannan filin tun 1943.

Injin da silindojinsa suka yi da'ira yana da wata larura da injin mota ba shi da ita. Wasu silindojin kansu a ƙasa yake. Idan jirgi ya kwana biyu a ajiye, baƙin mai yana tsiyaya sannu a hankali, ya bi ta gefen fistan ya taru a kan silindar ƙasa. Iska tana matsuwa, mai kuwa ba ya matsuwa. In aka danna sitata fistan ya taho da ƙarfi ya tarar da mai a gabansa, sandar fistan ce za ta lanƙwashe, ko silindar ta tsage. Mafi muni shi ne sandar ta ɗan karkace kaɗan ba wanda ya sani, inji ya tashi lafiya, sai wata rana a sararin sama ta karye. Shi ya sa ake juya farfela da hannu tukuna, bayan an tabbatar maganeto, na'urar da ke ba filogi wuta, a kashe yake.

Mu uku muka kama. Ɗaya ya tura fiffiken farfela ya wuce, na biyu ya tarbi na baya, haka muke zagayawa muna ƙirge da baki. Kowane fiffike yana da nauyi, sai ka ji iska ta matsu ta ture ka, can kuma ta saki da wani huci ta salansa. Na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu. A na biyar ni ne a gaba. Na tura, ya ɗan tafi, sai ya tsaya cak. Ba irin turjiyar iska ba ce mai taushi, wannan kamar ka tura ƙofa ka tarar an sa sakata ta ciki. Zuciyata ta ce in ƙara ƙarfi. Na cire hannu, na ce masa ta ƙi.

Dattijon bai ce uffan ba. Ya zo ya ɗora tafinsa a kan fiffiken, ya ɗan danna, ya gyaɗa kai. Wani yaro cikinmu ya ce ko a mayar da ita baya. Nan ne kawai na ji dattijon ya ɗaga murya yau. In ka juya baya, man zai gudu ya shige bututun shan iska ya laɓe, ka ɗauka ka rabu da shi, sai inji ya tashi ya zuƙo shi gaba ɗaya. Ba wata gajerar hanya. Aka buɗe murfin inji na ƙasa, aka kwance filogin silindojin da suka fi kusa da ƙasa, ni na riƙe gwangwani. Man ya sauko baƙi wuluk, da kauri saboda sanyi, bai fi cikin kofin shayi ba. Na tsaya ina kallonsa. Ɗan wannan ne zai iya kashe injin da ya haura shekara saba'in, wanda an daina ƙera shi tun tuni.

Sai bayan azahar aka gama wanke filogi aka mayar. Aka sake juya farfela, fiffike sha biyu, duk suka wuce sumul. Muka tura jirgin waje, aka sa waiji a tayoyi, aka ba ni tukunyar kashe gobara aka tsayar da ni a gefe, inda matuƙin zai iya ganina. An gargaɗe ni: in fetur ya yi yawa wuta ta kama a bakin kafireta, kada in yi gaggawar fesawa, matuƙi zai ci gaba da juya inji ya haɗiye wutar.

Famfon fetur ya fara kuka. Matuƙi ya leƙo ya yi kira a kauce, sitata ta ɗauka da wani nishi, farfela ta fara juyawa a kasalance. Ya bar fiffike da dama suka wuce kafin ya kunna maganeto. Silinda ɗaya ta yi tari. Shiru. Wata ta amsa, sai biyu, sai hayaƙi fari mai shuɗi-shuɗi ya turnuƙe har na daina ganin wutsiyar jirgin. Na 'yan daƙiƙu injin yana ɗingishi, wasu silindoji sun farka wasu suna barci, kana ji yana neman mutuwa, sai kawai duka 18 ɗin suka haɗa baki. Ƙarar ba a kunne na ji ta ba, a ƙirji na ji ta. Dattijon bai kalli hayaƙin ba ko sau ɗaya, idonsa na kan matuƙi, domin in agogon matsin mai bai motsa ba cikin daƙiƙa 30 dole a kashe. Matuƙi ya ɗaga babban yatsa.

Daga nan sai jira. Ba a matsa wa inji sai mai ya kai maki 40 na zafi. Da ya ɗumama aka gwada maganeto ɗaya bayan ɗaya, tunda kowace silinda filogi biyu gare ta, 36 ke nan. Jirgin bai tashi ba yau, gwajin ƙasa ne kawai.

Ina tsaye iskar farfela na kaɗa mini riga, Kano ta faɗo mini a rai. A lokacin yaƙin duniya na biyu, tun daga 1940, Turawan Ingila sun riƙa haɗa jirage a Takoradi da ke Gana ta yanzu, su bi ta Legas, Kano, Maiduguri da Khartoum har Masar, kuma jiragen Blenheim masu irin wannan inji mai da'ira ne suka riƙa yi wa ƙananan jiragen jagora. Ashe mutanen Fagge sun ji ƙara mai kama da wannan tun kafin a haifi Baba.

A hanyar dawowa na tura wa Baba bidiyon. Bai fi minti biyar ba ya kira. Shekara talatin yana kanikanci, ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya ce, "Kai, wannan injin yana shan mai, ringinsa ya cinye." Na ce, "A'a Baba, man da ya kwana a silindojin ƙasa ne yake ƙonewa, ku duba ƙarshen bidiyon, hayaƙin ya washe." Ya yi shiru yana kallo. Can ya ce in zana masa yadda fistan tara suke haɗuwa a wuri guda, in turo masa gobe da safe. Na riga na fara zanen a bayan wata takarda.