Ƙafar Baba: huda ko tiyata

Laraba

Daren jiya ma Baba bai runtsa ba. Da ya miƙe a gado sai yatsun ƙafar hagu su ɗau zugi, sai ya sauko da ita tana reto sannan abin ya lafa. Gyambon babban yatsan kuwa ya ƙi warkewa. Yau likitar jijiyoyin jini ta nuna mana hoton: hanyar jinin ta toshe tun daga cinya har ƙasan gwiwa. Ciwon suga ne da sigarin shekaru, in ji ta.

Hanya biyu ta zayyana mana. Ko a huda matsematsi, a zura siririyar waya har wurin toshewar, a hura ɗan balan-balan ya buɗe ta, wani lokaci a bar bututun raga ya tokare wurin. Mutum kan tashi da wuri, sai dai jijiyar na iya sake tsukewa. Ko kuma a yanka, a ciro doguwar jijiyar da ke ƙarƙashin fatar ƙafarsa, a ɗinka ta sama da ƙasan toshewar don jini ya kewaye. Jinyar ta fi tsawo, zuciya ma tana jin jiki.

Baba bai bari ta rufe baki ba. "Likita, ki yi min mai hudar nan, ba na son wuƙa."

Ta ce, "Baba, jijiyarka ce za ta yanke hukunci."

Sai ta kawo binciken BEST-CLI na 2022, mai mutum 1,830. A cikin masu lafiyayyar jijiyar da za a ara, kusan kashi 43 cikin ɗari na waɗanda aka yanka ne suka gamu da babbar matsalar ƙafa ko mutuwa, masu huda kuwa kashi 57. Inda babu jijiyar, bambancin bai fito fili ba. Amma wani binciken, BASIL-2 na 2023, mai mutum 345 masu toshewa a ƙasan gwiwa, huda ya fifita. Ta Baba kuwa ta shafi sama da ƙasa, shi ya sa na kasa cin abincin rana.

Na ji daɗi da ba ta ɓoye mana wannan saɓanin ba. Ni dai in jijiyar ta yi kyau kuma zuciyarsa za ta ɗauka, tiyatar nake so, ko da zai yi fushi da ni. Gobe za a auna kaurin jijiyar, a duba zuciya da ƙoda. Ta gargaɗe mu kada mu ja lokaci, kuma sigari ya ƙare daga yau. Allah Ya ba shi lafiya.