Ɗan maganaɗisun da ke aljihuna

Ni da yaran shago biyu muke riƙe da wannan sana'a: sayar da ƙaramin murhun indakshan (murhun lantarki mai aiki da ƙarfin maganaɗisu) mai kai ɗaya, irin wanda ake ɗauka a ajiye duk inda akwai soket, da kuma gyaransa in ya samu matsala. A cikin kayan aikina kaf, babu wanda ya kai wani ɗan guntun maganaɗisu yawan fita daga aljihu.

Wata rana wata baiwar Allah ta dawo mini da murhu kwana ɗaya da saye, ranta a ɓace. "Malam, mataccen kaya ka ba ni. Sai kuka yake yi ɗit-ɗit, ko ɗumi tukunyar ba ta yi ba." Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, kin zo da tukunyar?" Ta zo da ita kuwa. Na manna maganaɗisu a gindinta, ya faɗo ƙasa. Alminiyam ce. Na ɗauko tawa ta gwaji, na zuba ruwa lita 1, na kunna murhun nata. Minti 4 bai cika ba ruwan ya tafasa. Ta yi shiru, can ta ce, "Ikon Allah."

Yawancin murhunan da ake dawo mini da su a makon farko lafiyarsu ƙalau. Abin da ke ruɗa mutane shi ne murhun ba ya yin zafi da kansa. A ƙarƙashin gilashin da ke samansa akwai wayar jan ƙarfe a naɗe kamar faifai. In lantarki ya bi ta cikinta yana kai da komo sau sama da 20,000 a daƙiƙa ɗaya, sai ƙarfin maganaɗisu ya tashi ya shiga gindin tukunya, tukunyar ta zama ita ce wutar kanta. Tun 1831 Michael Faraday ya gano wannan hikima a Ingila, mu dai cin gajiyarta muke yi. Amma sai tukunyar da maganaɗisu ke kama gindinta, shi ya sa tukunyar ƙarfen zubi ke aiki, wasu na sitenles su yi wasu su ƙi, ita kuwa ta alminiyam zalla, ko ta jan ƙarfe, ko ta gilashi, murhun ba ya ma ganinta. Akwai wani faifan ƙarfe da ake sakawa tsakani don a yi amfani da tsohuwar tukunya. Ina ajiye shi don masu nema, amma gaskiya ba na son sa: saurin da aka sayi murhun dominsa ne yake cinyewa.

Bayan tukunya sai soket. Murhu mai wat 2,000 a kan wuta mai bolt 230 yana jan kusan amf 9. Mutum ya jona shi a siririyar wayar ƙari tare da butar lantarki, filogi ya narke, a ce murhu ne ya ƙona. A bango ake jona shi, shi kaɗai.

Inda muke cin abinci a gyara kuwa, iska ce. A cikin akwatin akwai fanka da ke sanyaya wani ƙaramin tiransisto da muke kira IGBT, wanda shi ke ɗauke da duk wahalar aikin. A ɗora murhu a kan tsumma, ko a matse shi da bango, ko maiƙo ya toshe ramukan iska, sai ya ɗau zafi ya mutu. In ka buɗe irin wannan za ka tarar da fanka ta daskare da maiƙo da ƙura, wani lokaci har da kyankyaso soyayye a kan allon lantarkin da ke ciki. Ga kuma masu zare filogi da zarar sun sauke tukunya, alhali fankar ba ta gama aikinta ba. Ka bar ta ta yi shiru da kanta tukuna. Na faɗi wannan har yaran shagon sun haddace, suna riga ni faɗa.

Ba na ɓoye wa mai saye aibinsa. Faifan wayar da ke ciki sau da yawa bai kai zanen da'irar da ke kan gilashi faɗi ba, don haka babban kasko tsakiyarsa ce ke cin wuta, gefe na jira. A ƙaramar wuta kuma, masu araha ba sa rage ƙarfi yadda ya kamata, kunnawa suke suna kashewa, ka ga ruwa ya zaburo ya kwanta, ya sake zaburowa. Mai girkin da ke son wuta a hankali sai ya nemi tukunya mai kaurin gindi. Kada a ɗora kasko ba komai a wuta mai ƙarfi, nan da nan gindinsa zai bauɗe. Gilashin ma yana ɗaukar zafi daga tukunya, a kula da hannun yara. Wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya kuma, shawarar da ake bayarwa ita ce ya bar tazarar santimita 60, ni kuwa nakan ce ya fara jin ta bakin likitansa.

Tun ranar Hajiyar nan na sa aka riƙa liƙa ɗan maganaɗisu a jikin kowane kwali kafin ya bar shago. Ita ma ta karɓi nata. Bayan kwana biyu ta aiko ɗanta ya ce mini a cikin tukwanenta tara, uku sun kama.