Kada ka rubuta abin da hannunka bai duba ba

Ƙannena masu koyon aikin likita, akwai wani layi da na rubuta a katin wani dattijo a shekarar da na fara aiki, har yau bai bar zuciyata ba. Na rubuta cewa ƙwaƙwalwarsa da jijiyoyinsa lafiya ƙalau, alhali ko ƙafarsa ban taɓa ba.

Manomi ne, ya zo da ciwon baya na wata uku. Ranar layi ya kai har bakin ƙofa, ga zafi, ga ni ni kaɗai. Ɗansa ne ya riƙo shi ya zaunar da shi, kaina yana sunkuye ina ƙarasa rubutun wanda ya fita, saboda haka ban ga shigowarsa ba. Muka gaisa, ya amsa tambayoyina tiryan-tiryan, na ce wahalar noma ce, na rubuta masa maganin rage zafi. Bayan mako uku aka dawo da shi kwance a bayan mota, ƙafafu biyu ba motsi, fitsari yana zuba bai sani ba. Babban likitanmu ya ɗaga masa riga, sai ga ɗan tudu a tsakiyar ƙashin baya. Tarin fuka ne ya cinye ƙashin har ya danne laka. Ya sha magani kusan shekara, Allah ya sa ya koma takawa da sanda, amma shi da gona sun rabu.

Abin da ya kamata in yi ranar nan ba zai ci minti biyar ba. Na farko, in ce, "Baba, daure ka taka zuwa ƙofa ka dawo." Tafiya tana tona asirin jijiyoyi fiye da kowane gwaji. Mai shanyewar ɓarin jiki yana jan ƙafa ɗaya yana zagayowa da ita, hannu a naɗe a ƙirji. Wanda jijiyar ɗaga ƙafarsa ta mutu yana ɗaga gwiwa sama kamar mai tsallake ruwa. Wanda matsalarsa ke ƙwaƙwalwar ƙeya yana buɗe ƙafafu yana tangaɗi. A sa shi ya taka da diddige, ya taka da yatsu, sannan ya jera ƙafa gaban ƙafa.

Daga nan a kwantar da shi, a naɗe wando har sama da gwiwa. Nan ne kunya take cin mu, mu da marasa lafiyar. Ka nemi izini, ka rufe inda ba ka dubawa da mayafi, in mace ce ka kira nas ko 'yar rakiyarta ta tsaya. Amma ƙafar da ke cikin zane ba a duba ta ba. Ka lanƙwasa ta ka miƙe ka ji ko ta sandare ko ta saki. Ƙarfi kuma ana ba shi maki daga 0 zuwa 5: 0 babu ko motsi, 3 yana iya ɗagawa amma da ka danna sai ta faɗi, 5 cikakken ƙarfi. Kullum dama da hagu tare, domin ɓarin da ke lafiya shi ne ma'auninka. Ka bugi ƙasan ƙoƙon gwiwa da gudumar roba, ka sake ta ta faɗa da nauyinta, kada ka soka. Sannan ka ja bakin mukulli a gefen tafin ƙafa daga diddige zuwa gindin yatsu. Idan babban yatsa ya ɗaga sama maimakon ya lanƙwasa ƙasa, matsalar tana laka ko ƙwaƙwalwa. Likitan Faransa Joseph Babinski ne ya bayyana wannan alama a 1896. A jarirai ba komai ba ne, a babba kuwa magana ce babba. Na tabbata da na ja mukullin nan a ƙafar dattijon da yatsansa ya ba ni labari.

Kuma ka tambayi fitsari da bayan gida da bakinka. Dattijo ba zai faɗa wa yaro sa'an ɗansa cewa yana jiƙa wando ba, balle a gaban ɗan nasa. Ka fitar da ɗan rakiya, ka sassauta murya.

Kuskurena na biyu na harshe ne. An kawo wata tsohuwa da zazzaɓi, na tambaye ta yau nawa ga wata, wace shekara muke ciki, ta yi shiru tana kallona. Na rubuta cewa ta rikice. Nas ɗin da ke gefe ta ce, "Inna, wane wata muke ciki?" Ta ce watan Sha'aban, azumi saura kwana goma sha. An yi La'asar? Ta ce ba a kira ba tukuna. Ta lissafo jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Hankalinta garau, tambayata ce ba ta gidansu ba. Ma'aunin Glasgow na auna farkawa da zurfin suma, wanda Teasdale da Jennett suka fitar a 1974, a yau yana ba buɗe ido maki 4, magana 5, motsi 6, jimla daga 3 zuwa 15. Makin maganar nan ba shi da amfani idan ka yi tambaya da harshen da mutum ba ya ji. Bafulatanin da ba ya jin Hausa sosai a nemo masa mai Fulatanci kafin a rage masa maki. Yaron da bai fara magana ba, wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, da ma'aunin Blantyre ake auna shi, daga 0 zuwa 5. Kuma a rubuta kowane kashi daban, domin mutum biyu za su iya samun 9 a ma'aunin Glasgow halinsu bai yi kama ba.

Duk wanda aka kawo a sume ko baki a karkace, a fara auna sukarinsa. Ƙarancin sukari yana kwaikwayon shanyewar jiki, kuma maganinsa na 'yan mintoci ne. In baki ya karkace, ka ce ya ɗaga gira. Idan goshi ya yi layi ta ɓangarori biyu, ka tuhumi ƙwaƙwalwa. Idan ɓari ɗaya na goshin ma ya ƙi motsi, ido ya ƙi rufuwa, galibi jijiyar fuska ce kanta. Ka sa ya miƙa hannaye biyu, tafi yana kallon sama, ya rufe ido: hannun da ya fara sauka yana juyawa shi ne mai rauni, ko da mai shi ya rantse lafiyarsa ƙalau. Ka haska tocila a idanu biyu ka ga ko ƙwayar idon tana tsukewa. Lokacin zafi kuma, mai zazzaɓi da ciwon kai kada ya bar gabanka ba ka lanƙwasa wuyansa ba, don mun san abin da sanƙarau ya yi mana a 1996.

Za a yi ranar da layi zai fi ƙarfinka, ba za ka iya yin duka ba. Ranar nan ka rubuta gaskiya: na duba kaza, ban duba kaza ba. Likitan da ya karɓi dattijon nan bayana ya fara karanta layina ne, ya ɗauka mako uku da suka wuce ƙafafun lafiya suke, sai da ɗan ya ce masa tun kafin zuwansu na farko Baba yake tuntuɓe a hanyar masallaci.