Yadda na koyar da zuwan Turawa Zazzau da takardun asali

Ina koyar da tarihi a wata sakandare a cikin birnin Zariya. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne yara sun haddace cewa Turawa sun shigo Zariya a 1902, Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903, amma ba su taɓa tambayar daga bakin wa labarin ya fito ba.

Zangon da ya wuce na je ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, na samo kwafin rahotannin jami'an mulkin mallaka kan lardin Zariya. Na haɗa su da Waƙar Diga ta Sarki Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903 bayan an cire Kwasau, shi ma daga baya Turawan suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja. Batu ɗaya na zaɓa, wanda a kansa aka yi waƙar: aikin layin dogo da ya isa Kano a 1911.

Na raba ajin gida biyu, kowa da takardarsa, da tambayoyi a allo: wa ya rubuta, wa yake so ya karanta, me ya yi shiru a kai? Ɗaliban da na ba rahoton Turawa suka ce lissafi ne zalla, mil nawa aka shimfiɗa, lebura nawa, ba sunan ko mutum ɗaya daga cikinsu. Waƙar kuwa na ba su da ajami, kuma a nan ne yaran da ba sa buɗe baki a aji suka karɓi ragama, don sun yi makarantar allo. Wani yaro da ke zama can baya ya riƙa bin layi da yatsa yana karanta wa sauran.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai mai waƙar shi ma sarki ne, ba shi ya riƙe diga ba." Wannan magana ta fi duk abin da na shirya. Na tura su wurin kakanninsu su tambayo labarin aikin tilas da haraji, su rubuta sunan unguwa da wanda aka jiyo labarin daga gare shi.

Akwai wahala. Turancin rahotannin ya yi musu nauyi, sai da na fassara, kuɗin hoton takardu daga aljihuna ya fita, ga jarrabawar WAEC na jiranmu da manhaja mai tsawo. Shi ya sa zango mai zuwa batu ɗaya kawai zan sake yi wa haka: ficewar Sarki Makau daga Zariya lokacin jihadi, da yadda mutanen Suleja, inda 'yan'uwansa suka kafa sabuwar masarauta, ke ba da labarin.