Alhamis, rasuwar Baba Mai Kare

Alhamis ce, ranar gwanjo a kasuwar Todmorden, garin da muke zaune a Ingila, kuma ba ni da aiki sai daren Juma'a. Da murnata na tashi. Har rana ta ɗan leƙo ta wajen dutsen Stoodley Pike, abin da a watan Nuwamba a kwarin nan sai dai hamdala. Na raka Auta makaranta, na biyo ta gaban ofishin 'yan sanda na tsinki ganyen kabejin nan mai murɗaɗɗen baki a akwatunan shuka. Ke da kika tambaye ni ko da gaske kyauta ne: kyauta ne, 'yar uwa. Tun 2008 da Pam Warhurst da Mary Clear da abokansu suka fara Incredible Edible, shirin shuka abinci don kowa, haka Todmorden take, a tashar jirgi, a harabar asibitin unguwa, a bakin ruwa, kowa ya ga abin da ya nuna ya tsinka ya kai tukunya.

A gwanjo na sami wa Yaya, babban ɗana, rigar sanyi mai kauri, fam 4, ko zip ɗinta bai taɓu ba. Na shiga cikin rumfar kasuwa sayen albasa da tattasai, ina ta fara'a, sai mai kayan miyar ta ce mini tana ƙirga canji, "Za ki sami zuwa ranar Talata?"

Na ce, "Zuwa ina?"

Ta ɗago ta dube ni. "Jana'izar maƙwabcinku mana. Ba ki ji ba?"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Mai Kare. Wai yau kusan sati uku. A asibiti, ciwon zuciya, kwanansa biyu a can.

Gida biyu ne tsakaninmu. Gida biyu! Labule yana nan yadda yake, ƙofa a rufe yadda take kullum, kwandon shara ya fito ranar fitarsa ya koma. Babu kuka, babu motoci, babu mutum ko ɗaya da ya tsaya a bakin ƙofa. A dandalin garin na Facebook kuwa, cikin satin nan kawai na san kyanwar wa ta ɓata, na san wane titi aka rufe don gyaran bututu, na san wa ya ajiye mota ya tare wa wani hanya, an yi ta cacar baki a kai har dare. Mai kayan miyar ta ce an sa sanarwar a jarida. Wa ke sayen jaridar yanzu in ba tsofaffi ba?

Na koma gida jikina a sanyaye. Na ɗora dafa-duka da kaza, na rage yaji sosai, na zuba a kula, na yafa mayafi. Abban yara yana barci bayan aikin dare, ban tashe shi ba.

Na daɗe ina ƙwanƙwasawa kafin Mama, matar Baba, ta buɗe. Karen ya taso, ta kama wuyansa ta tura shi kicin don ta san halina da shi. Ta rame. Tana sanye da rigar ulun Baba, mai ruwan ƙasa ɗin nan da yake fita da ita, hannayen sun yi mata tsawo ta naɗe su. Na ce mata yanzu nake ji a kasuwa, na ce Allah ya ba ta haƙuri, ya ba ta ƙarfin ɗauka. Ta dubi kular da ke hannuna ta ce, "Wannan fa?" Na ce abinci ne, Mama, a wajenmu gidan da aka yi rasuwa ba a barin su da ɗora tukunya. Sai ta matsa gefe ta ce in shigo, kada sanyi ya kama ni.

Ban taɓa wuce bakin ƙofarsu ba sai yau. Hirarmu da Baba duk ta kan katanga ce ko a hanya. Falon ƙarami, ƙasa tayil ne babu kafet, kuma soket ɗin lantarki duk suna sama, daidai ƙugun mutum. A gefen ƙofa akwai ƙarfe biyu masu tsaga inda ake zura allon tare ruwa. Sai kuma katuna. A kan taga, a kan murhu, a kan talabijin, har kan firji, sun haura talatin, farare da masu hoton fure, kowane a tsaye da bakinsa a buɗe. Ta ga ina kallo ta ce, "Mutane sun yi kirki ƙwarai. Dubi." Ta ɗauko ɗaya ta nuna mini, daga gidan da ke kallon nasu, layi biyu da biro: suna tare da ita a zuci, in tana buƙatar wani abu ta faɗa.

Na ce, "Sun shigo?"

Ta ce, "Ta ramin wasiƙa suka zuro. Ba sa son su dame ni."

Ta haɗa mana shayi da madara. Muka zauna. Ni dai na yi shiru yadda ake yi, don zaman ne ta'aziyyar, ba sai an cika baki da magana ba. Can sai ta fara da kanta. Ta nuna bango da yatsa, wajen tsayin gwiwa da ɗan ɗori, ta ce nan ruwa ya kai washegarin Kirsimeti na 2015, da kogin Calder ya ƙetare bakinsa ya shiga gidaje da shaguna tun daga nan har Hebden Bridge da Mytholmroyd. Jiniya ta yi ta kuka tun da safe. Baba ya kwashe abin da ya iya zuwa sama, sauran ruwa ya ci. Ta ce da ruwan ya janye, falon nan bai taɓa cika da mutane haka ba: maƙwabta da shebur, samari da ba ta san su ba suna fitar da kafet mai laka, Musulmi da Sikh daga garuruwan kusa suna raba abinci mai zafi gida gida. Babu wanda ya tsaya neman izini. A Fabrairun 2020 da guguwar Ciara ta sake kawo ruwa, haka aka sake yi.

Sai ta ajiye kofi ta ce, "Da ruwa ya shigo, kowa ya shigo. Yanzu da ya tafi, takarda ce ke shigowa."

Ba da ɗaci ta faɗa ba, ko kaɗan. Nan take ma ta kare su, ta ce ita kanta haka ta yi wa wasu shekara da shekaru, kati ta saya ta zura ta wuce, don haka aka tarbiyyantar da su: baƙin cikin mutum nasa ne, ba a kutsa masa. 'Yarta tana zuwa daga Burnley ranar Asabar da Lahadi. Sauran kwanakin ita ce da karen da agogon bango. Ta ce abin da ya fi yi mata wuya ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da yake dawowa daga yawo da karen yana mitar sanyi.

Maganar nan ta tsaya mini a wuya har yanzu da nake rubutu. Garin nan ba marasa kirki ba ne, ni shaida ce. Mutanen da suka kafa allo da manyan haruffa suna kiran juna zuwa ga kirki, suka shuka abinci a titi don baƙo da ɗan gari, suke da masu sa kai da ke bin gidajen tsofaffi in an ce ruwa na zuwa. Duk abin da ake yi da shebur da kwamiti da jadawali sun iya shi fiye da mu, ban ƙi faɗa ba. Amma a bar tsohuwa mai shekara tamanin ita kaɗai da katuna sati uku, wai don ladabi, wannan ban yarda da shi ba. A Kakuri, unguwarmu a Kaduna, da yanzu an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, tabarmi sun sha zama a ƙofar gida, mata sun kwana da ita a ɗaki har ta fara neman inda za ta ɓuya ta huta. Namu ma yana da nauyinsa, na sani, mai makoki kan gaji da amsa "ya ƙarin haƙuri". Gara gajiyar.

Da na ambaci Kakuri ta yi murmushi, ta ce ai Baba ya sha ba ta labarina. Shi da ya shiga masaƙa yana ɗan shekara 15, ranar da ya ji daga Kaduna nake sai da ya tsayar da ni a hanya kusan rabin awa. Wai ya san mutanen Rawtenstall, nan bayan tudu, da kamfanin David Whitehead ya tura Kaduna lokacin da aka kafa masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957. Na ce masa a can mahaifina ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare, kuma an rufe ta a 2002. Ya girgiza kai ya ce, "Taku ma ta mutu ke nan, kamar namu." Tun daga ranar in ya hango ni sai ya ɗaga sanda ya ce, "'Yar masaƙa!" Shi ne kuma ya koya wa Yaya cewa iyakar Yorkshire da Lancashire ta ƙarƙashin babban zauren garin ta bi har 1888, shi ya sa ƙungiyar kurket ɗinsu ke buga gasar Lancashire alhali garin na Yorkshire ne. A kulob ɗin kurket ɗin za a sha shayi ranar Talata bayan an dawo.

Ta ci abincin a gabana, cokali kaɗan, ta sha ruwa, ta ce akwai yaji amma da daɗi. Na ce gobe zan leƙo da ƙarfe huɗu kafin in tafi aiki. Ta ce kada in wahalar da kaina. Na ce ba tambaya nake ba, Mama. Ta yi dariya har da hawaye.

Bayan la'asar na kira Umma. "Sati uku ba a rufe bawan Allah ba? A ina suka ajiye shi?" Na yi mata bayani: tun Satumban 2024 sai wani likita na daban ya duba sanadin mutuwa kafin a yi rajista, sannan a nemi rana a wajen masu jana'iza, a jira dangi su ɗauki hutu. Namu Musulmi ana hanzarta musu in an nema. Da na ce ƙonawa za a yi, kuma kusan takwas cikin goma a ƙasar nan haka ake musu, sai ta yi salati ta yi shiru. Can ta ce, "To ke dai ki riƙe matar. Haƙƙin maƙwabci bai tambayi addini ba. Zumunta a ƙafa take, ba a takarda ba." Ban ma gaya mata zancen katunan ba.

Abban yara da ya tashi ya ce in bi a hankali, al'adarsu ce, kada in zame mata kaya. Na ce in na zame mata kaya za ta faɗa, matan Yorkshire ba sa ɓoye magana. Zai tambayi liman gobe bayan Juma'a game da zuwa wajen ƙonawar. Shayin kulob dai zan je, shi ma zai je.

Magariba tun huɗu da rabi bai cika ba. Yara na ta harba ragowar tartsatsin bikin wasan wuta na 5 ga Nuwamba a bayan layi, karen Mama na haushi, ina jin sa ta bango biyu.

Rigar Yaya ta yi masa daidai. Auta ta dawo da takardar tafiyar makaranta, fam 12, a biya kafin Litinin. An ce ruwan sama mai ƙarfi daren Asabar, sai in tambayi Mama wa zai zura mata allon ƙofa yanzu, don yana da nauyi.

Talata ina da aikin safe. Na tura wa mutum biyu saƙo ko za mu yi musanya, babu wadda ta amsa tukuna.