Mako biyar a kan kod huɗu

'Yan uwa masu koyon jita, jiya bayan isha'i abin ya faɗa, alhamdu lillahi. Na kaɗa Lay Lady Lay daga farko har ƙarshe, babu tsirkiyar da ta yi mini gunaguni.

Tun da na sa kaina koyon waƙoƙin Nashville Skyline, faifan da Bob Dylan ya naɗa a birnin Nashville cikin Fabrairun 1969, wannan waƙar ce ta tsaya mini a wuya. Mutumin da aka sani da waƙoƙin gargajiyar Amurka, daga shi sai jita da harmonika, ya koma kiɗan kantiri, ya sassauta murya, har ya buɗe faifan da waƙar da suka rera tare da mawaƙin kantiri Johnny Cash. Wannan ta farkon kwana uku ta ɗauke ni.

Ita kuwa Lay Lady Lay, kod huɗu ne a baitin, wato haɗin sautukan da yatsu ke kamawa lokaci guda: A, C#m, G, Bm. Da farko ina kama A da G a sake, can wajen kan jita, sai in yi tsalle zuwa gida na huɗu cikin gidajen da ke jere a wuyan jita don C#m. Kafin hannu ya isa, kiɗa ya wuce. In ma ya isa, tsirkiya ta ɗaya sai ta yi shiru ƙus, don ta faɗa daidai gaɓar ɗan'alina. Na danna har gindin babban yatsa ya riƙa zogi. Wallahi ran nan na jingine jitar, kwana biyu ban ko kalle ta ba.

Ashe rabin laifin na jitar ne. Tsirkiyoyin sun yi nisa da itace. Mai gyara ya goge ɗan ƙashin da suke hawa a kai, ya sa masu laushi, ya karɓi naira 9,000. Kuɗin sun yi mini ciwo.

Sauran rabin kuwa kunne ne ya warware shi. Na yi ta maimaita farkon waƙar ina bin jitar ƙarfen nan mai feda da makaɗi Pete Drake ya kaɗa a cikinta, sai na ji akwai sauti ɗaya da ke gangarowa a hankali: A, G#, G, F#. Na duba tsirkiya ta ɗaya, ga su nan a jere, gida na 5, 4, 3, 2! Wato in ka shimfiɗa ɗan'ali a gida na biyar ka kama A, ba ka ƙara ɗaga shi. Zamewa kawai yake gida ɗaya-ɗaya, sauran yatsun su sauka tsirkiya guda, su koma. Na ɗan karkata ɗan'alin ya kwanta da gefensa mai ƙashi, tsirkiya ta ɗaya ta buɗe baki.

Sau goma sha ɗaya na kaɗa ta, har maigidan da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, yau dai ta yi daɗi."

Hannun dama bai zauna ba tukuna, ina gaggawa wajen komawa A daga Bm. Shi zan sa a gaba wannan makon, da ƙwanƙwasar agogo a kunne.