Na je Bilma cikin hunturu, na ga inda gishirin balma yake fitowa

Tun ina yaro nake ganin kantun gishiri a zauren gidanmu, babanmu yana sayowa a kasuwar Mai'adua saboda shanu, a jingine shi a kusurwa, mu kuma yara mu riƙa gutsurar gefensa muna lasa. Balma muke ce masa, ban taɓa kawowa a raina wai sunan gari ne ba sai da na girma. To a hunturun bara Allah ya nufa na taka garin, wato Bilma ta ƙasar Nijar, da ƙafata. Wani abokina ɗan Agadas mai fataucin dabino ne ya ce in zan iya in zo mu tafi tare a watan Janairu, na ce bismilla.

Kuskurena na farko tun daga gida na yi shi. Ni a tunanina hamada zafi ce kawai, don haka suwaita guda na saka a jaka da ɗan bargo mara nauyi. Da mahaifiyar abokina ta ga kayana a Agadas sai ta ce "ɗana, da wannan za ka shiga hamadar Tenere? Maza ku koma kasuwa." Muka je na sayi babban bargo da safar hannu da ta ƙafa da rawani mai tsawo da man kaɗe. Wallahi har gobe ina yi wa Inna addu'a.

Ba a fita Agadas zuwa can yadda mutum ya ga dama. A lokacin da muka je, akwai ranar da motoci suke taruwa su tafi da rakiyar sojoji saboda 'yan fashi, in ka makara to ka jira wani satin. Mu a Hilux muka tafi, bayanta cike da jarkokin ruwa da na mai, kowace jarkar ruwa an naɗe ta da buhu. Tafiyar wajen kilomita 600 ce, kuma bayan an bar duwatsun Ayar ba ka ƙara ganin wani abu mai suna titi, sai sawun taya da tsofaffin ganguna da aka kafa don alama. Da muka shiga yashi sosai direba ya tsaya ya sace iskar tayoyi, na tambaye shi dalili ya ce "Malam, taya mai tauri nutsewa take yi, mai laushi ita ke shimfiɗuwa a kan rairayi." Duk da haka sau biyu muna kafewa, kowa ya sauko, a tona da shebur da hannu, a cusa farantan ƙarfe ƙarƙashin taya a tura.

Mun tsaya a wurin da ake kira Bishiyar Tenere. Da can wata bishiyar ƙaya ce guda ɗaya tal a tsakiyar wannan fili, ayari suna gane hanya da ita, a 1973 wata babbar mota ta buge ta ta faɗi, aka kwashi gangar jikinta aka kai gidan tarihi na Yamai, yanzu ta ƙarfe ce aka kafa a gurbinta kusa da rijiya. Na daɗe a tsaye ina kallon wurin, ko'ina ka juya ƙasa ta haɗe da sama, babu ko ciyawa.

Daren farko shi ne ba zan manta ba. Rana tana faɗuwa sanyi ya sauko kamar jira yake, yashin da ya ɗumama da rana cikin sa'a guda ya koma kamar ƙanƙara. Yaron mota, Buzu ne, ya haƙa ɗan rami ya hura gawayi, ya kwaɓa fulawa ya binne ta cikin yashi mai zafi da toka, bayan wani lokaci ya tono ya kakkaɓe ya wanke sama-sama ya gutsuttsura cikin miya, tagalla suke ce mata. Sai shayi, zagaye uku, ƙaramin kofi. Shi ne ya nuna min in kwanta a gefen mota ta inda iska ba ta bugowa, in ɗan share yashin sama in yi gurbi daidai jikina, in rufe kai da fuska da rawani, kada kuma in bar takalmina a waje. Duk da bargo biyu haƙorana haɗuwa suke yi. Amma fa taurari! Kaza da 'ya'yanta tana tsakiyar sama tar kamar ka miƙa hannu ka taɓa, ban taɓa ganin sama haka ba ko a ƙauyenmu ranar da babu wata. Da asuba na zuba ruwa a hannu don alwala sai na ji kamar an caka min allurai, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa, daga ranar muka riƙa ajiye buta kusa da garwashi kafin mu kwanta. Daga baya na ji cewa sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a Nijar a Bilma ne, a Janairun 1995, har ya sauka ƙasa da sifiri. Ban yi mamaki ba ko kaɗan.

Ta rijiyar Ashegur muka bi muka faɗa Dirku, inda yawancin motoci suke miƙewa arewa zuwa Libiya, mu kuma muka karya kudu. Dutsen Kawar yana hannun hagunka kamar doguwar katanga, a gindinsa layin dabinai kore shar, bayan kwanaki ba ka ga ganye ba sai ka ji zuciyarka ta yi sanyi.

Bilma ƙaramin gari ne, yawanci Barebari da Tubawa, amma da Hausa na yi duk harkata a kasuwa. Abin da ya fara ɗaure min kai ruwa ne. Garin da sai a shekara ba a ga ruwan sama na kirki ba, ga ruwa yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa yana bin lambuna. Tsofaffin gidajen da ƙasa mai gishiri aka gina su, ka shafa bango ka ɗanɗana ka ji gishiri-gishiri, shi ya sa ruwan sama da muke roƙo a wajenmu su tsoronsa suke ji, mai masaukinmu ya ba ni labarin ruwan 2006 da ya narkar da gidaje masu yawa a garin. Yashi kuma kullum matsowa yake, na ga dabinon da ya binne har wuya sai kansa kawai a waje.

Kalala, wato wurin gishirin, nan bayan gari yake, a ƙafa muka je da hantsi bayan sanyi ya ɗan sake mu. Ramuka ne birjik an haƙa su, kowanne da mai shi, ruwan ciki wani ja, wani ruwan ɗorawa, wani kamar shayi. Ruwan ƙasa ne yake tasowa ya narkar da gishiri, rana ta busar da shi ya yi ɓawo a sama, sai a fasa ɓawon ya nutse, a bari wani ya sake yi, haka haka har ya taru a ƙasan ramin a kwashe. Mai kyan, fari mai tsabta, shi ne beza na miya. Sauran a haɗa da ƙasa mai gishiri a kwaɓa a ɗura cikin kututturen dabino da aka rarake, a kifar a bar shi ya bushe, shi ne kantu. Sun ce aikin ya fi ƙarfi lokacin zafi don ruwa ya fi saurin ƙonewa, da sanyi kaɗan-kaɗan ake yi, amma duk da haka na tarar da wani dattijo a cikin rami, ruwa har ƙwauri. Da ya fito na gaishe shi na ce "Baba sannu da aiki", ya ce "yawwa ɗana, daga ina?" Na ce daga ƙasar Katsina, ya yi murmushi ya ce gishirinsu ya riga ni sanin hanyar. Idona dai yana kan ƙafarsa. Duk ta tsattsage, faso mai zurfi har ana ganin ja a ciki, gishiri ya bushe fari a bakin tsagar, ya zauna ya ciro wani tsumma yana ɗaurewa yana ci gaba da hira da ni kamar ba komai. Na ciro man kaɗen da ke aljihuna na ba shi, ya karɓa ya sa min albarka. Kunya ta kama ni da na tuna yadda muke tsayawa a kasuwa muna ja-in-ja kan kuɗin kantu kamar daga sama ya faɗo.

Ayarin raƙuma ban same su da yawa ba, don su tun wajen Oktoba suke tasowa daga Ayar, madugu a gaba, ɗauke da gero da harawar dabbobinsu, su yi musaya da gishiri da dabino su juya, daga nan su gangara Damagaram har ƙasar Kano. Yanzu manyan motoci sun karɓe kaso mai yawa na jigilar. Ragowar wani ƙaramin ayari kawai na gani suna naɗe kantu da tabarmar kaba don kada ya fashe a hanya. Hanyar da muka sha wuya a mota cikin kwana uku, su a ƙafa suke ratsa ta.

Wanda zai je, ya nemi ɗan gari da direban da ya san hanya, ya tambayi halin tsaro kafin ya bar gida, ya riƙe takardunsa a jiki don shingaye suna da yawa. Ya kuma riƙa shan ruwa ko bai ji ƙishi ba, sanyi yana ɓoye ƙishirwa, ni sai da kaina ya yi ciwo kwana biyu kafin na gane. Kada ya ƙayyade ranar dawowa, mu hazo da iska suka riƙe mu kwana biyu a Dirku, ko motar da ke gabanka ba ka gani. Batirin waya ma sanyi yana zuƙe shi, a cikin bargo nake kwana da tawa.

Kantu biyu na sayo, ɗaya ya tsage a hanya, ɗayan ya iso lafiya. Na kai wa babanmu, ya shafa shi ya gutsura ya ɗanɗana, ya ce in zauna in faɗa masa yadda ramukan suke.